Shekara hamsin a kurmin Borniyo saboda birin orangutan: me aikin ya haifar?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar gandun daji da namun dawa game da wata masaniya mai suna Birute Galdikas, wadda ta isa tsibirin Borniyo, ɓangaren ƙasar Indonesiya, a shekarar 1971 tana da shekara 25 a duniya, ta kuma shafe sama da shekara hamsin tana nazarin babban birin nan mai jan gashi da ake kira orangutan, tare da fafutukar kare kurmin da yake rayuwa a ciki. Duk inda aka ambaci sunanta sai an haɗa da yabo da lambobin girmamawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin waɗannan shekarun ne birin ya fi raguwa, domin wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa Borniyo ta yi asarar orangutan sama da 100,000 tsakanin 1999 da 2015 kaɗai. Idan haka ne, mene ne ainihin abin da matar ta cimma? Sannan ina so a faɗa mini gaskiya, shin ya dace a zuba dukiya da ƙarfi wajen renon marayun birai a yankin da mutanen ƙauye suke fama da neman abin sakawa a baki?

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki tana kan hanya, sai dai ba a auna aikin mutum sai an san yadda ya tarar da abin da ya sa hannu a kai.

An haifi Galdikas a Jamus a 1946, iyayenta 'yan Lituweniya ne, ta girma a birnin Toronto na Kanada, ta yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. A can ne ta haɗu da Louis Leakey, mutumin Kenya da ya shahara wajen tono ƙasusuwan mutanen farko a Gabashin Afirka, wanda yake ganin cewa ba za a fahimci manyan birai marasa wutsiya ba sai wani ya je ya zauna tare da su shekara da shekaru. Shi ne ya tura Jane Goodall dajin Gombe a 1960 domin nazarin cimfanzi (Gomben Tanzaniya ake nufi, ba tamu ba), ya kuma taimaka wa Dian Fossey ta fara aiki a kan gwaggon birin tsaunuka, aikin da ta yi a Ruwanda har aka kashe ta a 1985. Galdikas ce ta uku, kuma a ganina ita ce ta ɗauki kaso mafi wuya. Cimfanzi da gwaggon biri suna yawo ne a garke, suna kuma yawan sauka ƙasa, saboda haka idan aka sami garken an sami abin kallo. Shi kuwa orangutan yawanci shi kaɗai yake yawo, rayuwarsa kusan duka a saman bishiyoyi take, a cikin kurmin da ƙasarsa fadama ce, har masana da yawa a wancan zamani suna ganin ba zai yiwu a bi shi na dogon lokaci ba.

Ita da mijinta na farko, Rod Brindamour, sun kafa sansani a dajin Tanjung Puting da ke lardin Kalimantan ta Tsakiya, suka sa masa suna Sansanin Leakey. Babu hanyar mota, sai dai a bi kogin Sekonyer da kwalekwale. Yadda ake aikin shi ne, idan aka yi sa'ar gano biri sai a bi shi tun daga lokacin da ya fito daga sheƙarsa da asuba har zuwa yamma lokacin da zai lanƙwasa rassa ya gina sabuwa, domin kusan kowane dare sabuwar sheƙa yake yi. Mai bin sa yana ƙasa, wani lokaci ruwan fadama har ƙugu, matsattsaku suna manne da ƙafafunsa, wuya a ɗage, yana rubuta duk abin da birin ya ci da duk wanda ya haɗu da shi. Washegari dole ne ya iso gindin wannan bishiyar kafin gari ya waye, in ba haka ba birin ya ɓace, sai a koma nema daga farko.

Daga irin wannan bibiya ne ta tattara nau'o'in abinci sama da 400 da birin yake ci a wannan daji, mafi yawansu 'ya'yan itatuwa, sai ganye da ɓawon itace da gara idan 'ya'yan itatuwa suka yi ƙaranci. Amma abin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma shi ne amsar tambayarki ta farko, shi ne abin da aka gano game da haihuwa. Macen orangutan ba ta yin haihuwar fari sai ta kai wajen shekara 15, tana haifar ɗa guda ne, tana shayar da shi tana ɗauke da shi shekaru masu yawa, sannan ba ta sake haihuwa sai bayan kimanin shekara takwas. Babu wata dabba mai shayarwa a doron ƙasa da aka sani da tazarar haihuwa mai tsawon wannan. Akuyar gidanki tana iya ba ki 'ya'ya a shekara biyu fiye da waɗanda macen orangutan za ta haifa a duk tsawon rayuwarta, domin ita da ƙyar take wuce huɗu ko biyar. Wannan ilimi ba ya samuwa da ziyarar wata shida, sai wanda ya zauna ya ga an haifi jaririya, ya ga ta girma, ya ga ita ma ta haihu. Da aka san haka ne aka fahimci cewa kashe ko da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na birin a kowace shekara ya isa ya ƙarar da shi a daji, ko da ba a sare bishiya ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne dajin kansa. Tanjung Puting ya zama gandun daji na ƙasa a farkon shekarun 1980, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,000, kuma har yanzu yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan orangutan na daji a duniya. An yi masa ɓarna ƙwarai, musamman bayan faɗuwar gwamnatin shugaban Indonesiya Suharto a 1998, lokacin da masu saran katakon bishiyar da ake kira ramin ba bisa ƙa'ida ba suka mamaye shi, ga masu haƙar zinariya da suka gurɓata kogin Sekonyer. Duk da haka dajin yana nan tsaye, alhali dazuzzuka da yawa na kusa da shi sun koma gonaki. Ba ita kaɗai ta yi wannan ba, amma kasancewar akwai wadda duniya ta sani zaune a wurin, tun daga lokacin da mujallar National Geographic ta sa hotonta a bango a 1975, ya sa taɓa dajin ya zama abin da sai an yi tunani sau biyu.

Abban Nana ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa game da binciken ba, amma ka tsallake ɓangaren da masana suka fi sukarta a kai, wato renon marayu da mayar da su daji, kuma ina ganin Hajiya Maman Ilham ta cancanci ta ji shi.

Tun zuwanta ta tarar da mutane, har da manyan jami'ai, suna ajiye jariran orangutan a gida a matsayin abin sha'awa, duk da cewa doka ta hana tun zamanin mulkin Turawan Holan. Kowa ya san ba a raba jariri da uwarsa sai an kashe uwar. Ta riƙa matsa wa hukumomi su ƙwace su, ta karɓe su a sansani, har na farkonsu mai suna Sugito ya manne mata dare da rana kamar yadda zai manne wa uwarsa. Niyyar tana da kyau, amma an saki waɗannan birai a cikin dajin da yake da nasa birai na asali. Birin da ya zauna da mutane yana iya ɗaukar tarin fuka ko ciwon hanta, ya kai wa na daji. Yana kuma gasa da su a kan abinci a dajin da ya riga ya cika. Dalilin da ya sa ke nan a 1995 gwamnatin Indonesiya ta hana sakin irin waɗannan birai a inda akwai na daji. Haka kuma wani bincike na ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa biyu daga cikin matan biran da aka saki a sansanin, Rani da Siswoyo, daga wani yanki dabam na Borniyo suka fito, jinsinsu ya ɗan bambanta da na Tanjung Puting, kuma sun hayayyafa da na wurin, an sami gauraye. Don adalci, sunan Galdikas yana cikin waɗanda suka rubuta wannan binciken, ba ta ɓoye ba.

Damuwata ta fi ƙarfi a kan lissafin kuɗi. Cibiyar kula da marayu da gidauniyarta ta buɗe a 1998 a ƙauyen Pasir Panjang, kusa da garin Pangkalan Bun, tana ɗauke da ɗaruruwan birai, kowanne sai an ba shi madara da 'ya'yan itatuwa da magani da mai reno na tsawon shekaru kafin ya iya hawa bishiya ya nemi abinci da kansa. Wasu ma ba za su taɓa komawa daji ba. Idan aka kwatanta ɗaruruwan da aka ceto da sama da 100,000 da aka rasa, sai a ga cewa hoton jariri da kwalbar madara yana jawo gudummawa ne kawai, amma ba shi ne zai hana jinsin ƙarewa ba.

Maman Ilham ta rubuta:

Na gode, Baba, na gode, Malam. Yanzu na fahimci dalilin da ya sa tazarar haihuwa take da muhimmanci haka. Sai dai har yanzu ba a bayyana mini abin da yake cinye dajin ba. Ina yawan jin ana ɗora laifin a kan manja, kuma tun muna yara ake gaya mana cewa daga Najeriya mutanen Malesiya suka zo suka karɓi irin kwakwar manja bayan samun 'yancin kai. Shin da gaske ne bishiyarmu ce ta je ta kori birin daga gidansa?

Ɗan Gandu ya rubuta:

Hajiya, gaskiya ne asalin bishiyar kwakwar manja daga Yammacin Afirka take, gaskiya ne kuma a farkon shekarun 1960 Najeriya tana kan gaba a duniya wajen samar da manja. Amma labarin cewa a lokacin ne aka kai irin can bai yi daidai da tarihi ba, domin Turawan Holan sun dasa tsiro huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba na Indonesiya tun 1848, an buɗe gonar kasuwanci ta farko a tsibirin Sumatra na Indonesiya a 1911, a Malaya (ɓangaren Malesiya ta yau) kuma a 1917. An yi musayar iri tsakanin cibiyoyin bincike daga baya, amma bishiyar ta riga ta daɗe a can. A yau Indonesiya da Malesiya suna samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, har mu da muke da asalin bishiyar muna sayo wani daga wurinsu, kuma waɗannan ƙasashe biyu su ne kaɗai inda orangutan yake rayuwa a daji.

Ba bishiyar ce matsalar ba, inda ake dasa ta ne. Birin ya fi son kurmin da ke ƙasa-ƙasa, mai ruwa, mai yawan 'ya'yan itatuwa, wanda kuma shi ne ya fi sauƙin sharewa a yi gona. Yawancin wannan kurmi yana tsaye ne a kan wata irin ƙasa ta ruɓaɓɓen ganye da itace da suka taru cikin ruwa tsawon dubban shekaru, zurfinta a wasu wurare ya haura mita goma. Muddin tana jiƙe ba ta kamawa da wuta. Da zarar an haƙa magudanai an tsane ruwan domin a yi shuka, sai ta bushe ta zama makamashi, wuta ta riƙa ci ta ƙarƙashin ƙasa makonni ba a ganin harshenta, sai hayaƙi. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Suharto ta tsane kusan hekta miliyan ɗaya na irin wannan fadama a Kalimantan ta Tsakiya da sunan noman shinkafa, shinkafar ba ta yi ba, sai ga fari a 1997 ya zo da gobarar da ta ci har cikin 1998. A 2015 abin ya maimaitu, inda Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hekta miliyan 2.6 suka ƙone a faɗin ƙasar, asarar ta kai wajen dala biliyan 16, hayaƙin kuma ya rufe makarantu har a Singafo da Malesiya.

Wannan ya kawo ni ga tambayarki ta biyu, ta biri ko mutum. Waɗanda suka shaƙi wannan hayaƙi har aka kwantar da su a asibiti ba birai ba ne, 'ya'yan talakawan ƙauyukan Kalimantan ne. Dajin da yake riƙe da birin shi ne yake riƙe ruwan da ke hana gobarar. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, manja ya fitar da iyalai da yawa daga talauci a Indonesiya, kusan kashi 40 cikin 100 na gonakinsa na ƙananan manoma ne, kuma hekta ɗaya ta kwakwar manja tana ba da mai ninki da dama fiye da hekta ɗaya ta waken suya ko gyaɗa. Wanda ya ce a daina cin manja gaba ɗaya, yana kiran a share daji mafi faɗi ne a wata ƙasar. Abin da ya fi ma'ana shi ne hana buɗe sababbin gonaki a kurmin asali da fadama, kuma gwamnatin ƙasar ta dakatar da ba da irin wannan izini a 2011, ta mayar da hanin na dindindin a 2019, ko da yake aiwatarwa tana da rauni a wurare da dama.

Akwai kuma wani abu a cikin binciken 2018 ɗin da kika ambata wanda ba a cika faɗa ba. Mafi yawan biran da aka rasa ba a dajin da aka share suke ba, a dajin da yake tsaye suke, abin da ke nuna cewa kisa kai tsaye, ko don nama ko don birin ya shiga gona ya yi ɓarna, babban dalili ne. Wannan magana ce da sai an zauna da mutanen ƙauye, ba ta kamfanoni kaɗai ba ce. Majalisar Malaman Indonesiya ta gane haka, ta fitar da fatawa a 2014 da ke haramta farauta da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta kuma fitar da wata a 2016 a kan ƙona daji.

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Ɗan Gandu ya sauke mini nauyi a kan manja. Bari in koma ga ɗana Abban Nana, domin na yarda da rabin maganarsa ne kawai.

Na yarda cewa sakin marayu a cikin biran daji kuskure ne bisa ilimin yau, amma a shekarun 1970 babu gwajin ƙwayoyin gado irin na yau, hasali ma a lokacin ana ɗaukar duk orangutan na Borniyo da na Sumatra a matsayin jinsi guda. Sai daga baya aka raba su biyu, a 2017 kuma aka tabbatar da na uku, na Tapanuli a arewacin Sumatra, wanda bai kai 800 ba. Bayan dokar 1995 an koma sakin birai a wasu dazuzzuka, irin su gandun Lamandau.

Inda na saɓa da kai shi ne ɗaukar renon marayu a matsayin ɓarnar kuɗi. Dokar da ta hana ajiye orangutan ba ta da amfani idan jami'in da ya ƙwace jariri ba shi da inda zai kai shi, domin ba zai tafi da shi ofis ba, ba kuma zai jefar da shi a daji ya mutu a kwana biyu ba. Idan babu cibiyar karɓa, jami'in zai kau da kai ne kawai, mai sayarwa kuma ya ci gaba da kashe iyaye mata. Shi ya sa ba gidauniyar Galdikas kaɗai ke wannan aiki ba, akwai cibiyar Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya tun 1964, akwai kuma ta Nyaru Menteng kusa da Palangka Raya tun 1999. Ita kanta ba ta tsaya ga marayu ba. Gidauniyar da ta kafa a 1986 tana ɗaukar 'yan sintiri, tana taimakawa wajen kashe gobara, tana kuma sayen filayen daji kafin masu gonaki su saya, kuma mafi yawan ma'aikatanta 'yan yankin ne, musamman ƙabilar Dayak, wadda mijinta na biyu, Pak Bohap, ya fito daga cikinta. Gwamnatin Indonesiya da kanta ta ba ta lambar Kalpataru a 1997, wadda ita ce babbar lambar ƙasar a fannin kare muhalli. A garin Kumai akwai iyalai masu yawa da abincinsu ya dogara ga kwalekwalen injin da ake kira kulotok, masu kai baƙi kallon birai a kogin Sekonyer.

Abban Nana ya rubuta:

Baba, na karɓi hujjarka game da jami'in da ba shi da inda zai kai jariri, ban kalli abin ta wannan fuskar ba. Amma ina nan kan bakana game da rabon kuɗi: idan gudummawa ta shigo, kaso mafi tsoka ya kamata ya tafi ga sintiri, da toshe magudanan da suka tsane fadama, da biyan diyya ko kafa kariya ga manomin da biri ya shiga gonarsa, saura kuma a ba marayu. Batun baƙi masu kallo ma yana buƙatar taka tsantsan, domin a dandalin da ake zuba wa birai ayaba a Sansanin Leakey mutane suna matsowa kusa fiye da kima, kuma dabbar da ta yi tarayya da mu a kusan kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin gado tana iya kamuwa da murar da baƙo ya zo da ita daga wata ƙasa. Hajiya, idan za ki ci gaba da bibiyar batun, ki riƙa duba faɗin dajin da ya rage a Kalimantan ta Tsakiya da yawan hektar da ta ƙone a kowane rani, ba yawan jariran da aka ceto ba.